Sawun da Aka Share a Mintapi

Ranar da aka tashi daga zaman makoki, mutanen Mintapi suka dawo gari da farar ƙasa a goshi, kawuna a aske, kowa da bargonsa a kafaɗa. Kusan wata biyu suka yi a daji, gari ya koma na karnuka. Tsohon da ya rasu ba ƙaramin mutum ba ne. A wajenmu kuwa ba a kiran sunan mamaci, ba a kallon hotonsa, ba a sauraron muryarsa sai an shekara ko fiye. Kumanjayi ake ce masa yanzu, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya tafi.

Hubert yana tsugune yana hura wuta a ƙarƙashin gwangwanin shayi sai ya ji ihu daga ɗakin harshe, inda ake adana yaren garin ana koya wa yara. Shi ne mai bin sawu na garin. Da ƙuruciyarsa 'yan sanda kan zo da mota su ɗauke shi in wani ya ɓata a sahara, yanzu kuma raƙuman daji da ke fasa shinge ya fi bi. Bai yi gudu ba, don gwiwoyinsa sun daɗe da ajiye wannan aiki.

Ya tarar da Valda zaune a gaban kwamfuta, hannu biyu a ka. 'Yar yayarsa Enid ce, 'yar marigayin kuma, ita ce ke riƙe da ɗakin.

"Kawu, babu komai a ciki," in ji ta. "Na zo ne in rufe fuskarsa da muryarsa, don yara su ci gaba da karatu da sauran. Duba. Fari fat."

Hubert ya duba. Bai san kan kwamfuta ba, amma ya san abin da ke cikin wannan shafi na intanet. Shekaru aka kwashe ana naɗar muryoyin tsofaffi ana zubawa a ciki. Mafi girma a cikinsu ita ce waƙar hanyar ruwa, wadda ke kiran kowace rijiya da sunanta, daga Mintapi har tafkin gishiri da ke yamma. Wanda ya iya ta ƙishirwa ba ta kashe shi a wannan hanya, kuma ba mai ce masa ƙasar ba ta kakanninsa ba ce. Marigayin kaɗai ya san ta daga farko har ƙarshe. Hubert farkonta kawai ya riƙe. Duk lokacin da surukin nasa ya ce ya zo ya zauna ya koya, sai ya ce ai tana cikin na'ura, ba gudu za ta yi ba.

"Katunan na'urar da kuka naɗi muryoyin a kai fa?"

"Mun goge mun sake amfani da su. Kamfanin da ke ajiye mana shafin yana yin kwafi kullum, Kawu. Haka suka rubuta. Bari in kira su."

Ta shiga danna lamba.

*

Saja Petrakis, 'yar sandan yankin, ta iso kafin rana ta yi tsaka, motarta ta yi ja da ƙura. Mace ce doguwa mai ƙarancin magana, ta kuma san cewa a Mintapi ba a tambayar mutum sunan wanda ya mutu. Valda ta ɗora waya a kan tebur ta ƙara murya, wani saurayin kamfanin daga birnin Sydney yana bayani cikin ladabin nan da ke ƙara wa mutum ɓacin rai.

Ya ce gaskiya ne suna yin kwafi kowace rana. Amma na wata guda kawai suke ajiyewa, sabo ya shigo, mafi tsufa ya fita. An goge shafin tun satin farko na makokin. Daga ranar, kullum na'urarsu kwafin fanko take yi tana ɗorawa a kan na jiya, har ta cinye na ƙarshe mai abu a ciki.

"Da kun kira mu cikin watan, da minti kaɗan ya isa," in ji shi. "Ba wanda ya buɗe shafin ne a duk tsawon lokacin nan?"

Valda ta dubi kawunta, ya dubi ƙasa. Wa zai buɗe? Da ka taɓa shafin, muryar tsohon ce ke fara yi maka maraba.

"Daga ina aka shiga?" in ji Saja.

"Daga kwamfutar ofishinsu, da lambar sirrinsu, da tsakar rana."

"Wa ya san lambar?"

Valda ta nuna bango. Ga ta nan an rubuta da alli a saman taga, manya-manyan baƙaƙe, don kada tsofaffi su sha wahalar gani.

Kafin shayin Hubert ya huce zancen ya game gari. Mintapi kuwa ba ta iya jiran hujja ba. Wasu suka ce masu haƙar ma'adinai ne da suka zo awon ƙasa bara, don in babu waƙa babu shaida. Wasu suka ce Dougal ne, Baturen da ya kafa shafin, wanda ya bar gari bayan cacar baki da majalisa. Mafi yawa suka ce Cyril ne, don shi ya sha miƙewa a taro yana cewa waƙar kakanni ba ta da abin yi a cikin wayar kowane ɗan iska na duniya. Abu ɗaya kowa ya yarda da shi: wanda ya goge ya kwafa tukuna. Ba mai hankalin da zai zubar da irin wannan abu. A kamo shi, waƙa ta dawo.

Hubert ma da wannan fata ya fito farfajiya.

Ɗakin harshe yana cikin shingen waya, an rufa farfajiyar da kwano, iska ba ta cika shiga ba. Ƙasar wurin ta riƙe abin da aka yi mata. Ban da sawun Valda na safiyar nan da nasa da na Saja, babu ƙafar kowa. An share wurin da reshe mai ganye.

"Ba ku kuka share ba?" in ji Saja. Ta san al'adar: in mutum ya mutu, surukansa kan bi gari da rassa su share sawunsa, don kada iyalinsa su gani zuciyarsu ta karye.

"Ni na jagoranci sharar. Mun yi kanti, mun yi asibiti, mun yi coci. Nan mun tarar da kwaɗo a ƙofa, muka wuce."

"Ke nan ɓarawo ne ya ɓatar da sawunsa."

"Haka na gani," in ji Hubert.

Ba a fasa kwaɗon ba. A wajen shinge, kusa da famfo, inda ruwa ya jiƙa ƙasa ta bushe ta yi tauri, ya ga sawun taya mai faci a gefe. Ko da ido ɗaya ya san motar.

*

Sun tarar da Cyril yana tsince gilashi daga kujerar motarsa. Samari sun riga su zuwa da duwatsu. Matarsa ta kwashe jikoki ta kulle su a ɗaki.

Cyril abokin wasan Hubert ne tun suna tsirara, ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Ga bahagon nan ya zo da hukuma," in ji Cyril. "Yau kuma ni ne raƙumin?"

"Raƙumi ya fi ka kyan baki. Me motarka ta je yi ɗakin harshe ana makoki?"

"Ruwa na je ɗiba wa karnukana, tsohon banza. Ku kuna can kuna kuka, su kuma ƙishirwa na kashe su."

"Ka ce a cire waƙar daga shafin."

"Na faɗa, gobe ma zan faɗa. A gaban kowa na faɗa, shi ma tsohon yana zaune yana jina, ya ce ni jaki ne. Amma in goge muryarsa?" Cyril ya tsaya, dariyar ta bar fuskarsa. "Shi ya riƙe hannuna ranar da aka mai da ni namiji, Hubert. Ka sani."

"Me ka gani ranar?"

"Ƙofar shinge a buɗe. Na ɗauka 'yarku ce ta dawo ɗaukar wani abu. Ban leƙa ba, rana tana dukan kaina."

Saja ta tambaye shi ko ya iya kwamfuta. Ya ce ko wayarsa jikarsa ke amsa masa. Ya zaro gwangwanin taba daga aljihu ya jefa wa Hubert, Hubert ya cafke.

"Ka gani, Saja? Da hagu. Uwarsu ma haka take, in ta ɗaga hannu za ta mare ka sai ka kare ɓangaren da ba shi ba." Ya sunkuyar da murya. "Sun ce gobe in ban fito da waƙar ba za su ƙona gidan nan. Ina zan samo ta? Ka nemo mai abin nan, don Allah."

Hubert ya ɗebi taba ya mayar masa. Bai ga ƙarya a tsayuwar Cyril ba, amma ya sha ganin mai gaskiya da maƙaryaci sun tsaya iri ɗaya.

*

Dougal a waya aka same shi, yana can tsibirin Tasmania yana aiki a gonar tuffa. Saja ta gaya masa abin da ya faru.

"Duka?" in ji shi. "Har hanyar ruwa?"

"Duka. Ina makullinka?"

"A aljihun tebur na bar shi, ki duba." Saja ta jawo aljihun, ga makulli. "Kin san a kan me muka yi faɗa da majalisa? Na ce a sayi 'yar na'urar ajiya, a kwafe komai, a kai birnin Alice Springs a kulle a wani ɗaki dabam. Wata kuma a ba wa ɗakin karatu. Suka ce me ya sa za a yi aiki biyu, tunda kamfani na da kwafi."

"Wa ya gaya musu kamfani na da kwafi?" in ji Hubert.

"Baba Hubert ne? Ni ne. Ni na jawo." Muryarsa ta yi ƙasa. "Da farko tsofaffi sun ƙi yarda a sa muryarsu a abin da ba sa iya riƙewa a hannu. Sai na tara su a ɗakin, na goge labarai guda a gabansu, suka yi ta kururuwa. Washegari na kira kamfani aka dawo da su. Daga ranar suka yarda da na'ura fiye da yadda ni na yarda da ita. Na faɗi zancen wata ɗayan, amma ana ta tafi lokacin."

"Su wa ke wurin?"

"Kowa. Shi tsohon da kansa, da Mama Enid, tunda ita ke zama kusa da shi tana buga kalmomin. Har da Cyril a bakin ƙofa yana tsaki."

Saja ta kashe waya. Ta ce za ta bincika ko ya bar Tasmania a watan, amma daga ita har Hubert ba wanda ya sa rai.

"Makulli nawa ne?" ta tambayi Valda.

"Nawa, da wannan. Sai na Baba, wanda yake ratayawa a wuya. An ƙone shi tare da sauran kayansa."

*

Zawarawa ba su dawo gari da sauran jama'a ba. Suna can bayan busasshen rafi a rumfunan ganye, inda maza ba sa shiga sai ɗan'uwa na jini, shi ma daga bakin wuta zai tsaya. Hubert ya kai wa yayarsa wutsiyar kangaru da ya gasa a toka.

Enid tana takaba, mai takaba kuwa a wajenmu ba ta magana. Bakinta a rufe yake har sai dangin miji sun buɗe shi, ko da shekara za a yi. Da hannu take zance, kuma matan Mintapi suna iya yin gulmar gari kaf da yatsu ba tare da an ji ko tari ba.

Ta rame. Daga rumfa zuwa wuta sai da ta tsaya ta huta, ƙirjinta na ɗagawa. Ta zauna ta dube shi, ta motsa yatsu: wace hayaniya ce nake ji daga gari?

"Yara ne, Yaya. Ba komai."

Ba wanda ya gaya mata. Yaya za a yi a gaya mata, alhali zancen duk na mijinta ne, kuma ba a kawo mata zancensa?

"Kina da sukari?"

Ta buɗe tafin hannunta sama, ta kife shi a ƙasa. Babu.

"Ganyen shayi fa?"

Ta sake kifewa, har da ɗan murmushi, ta nuna shi da leɓe, wato ƙanin banza ke nan, sai tambaya ba kawowa. Ita ta goya shi lokacin da uwarsu ke aikin wanki a gidan masu shanu. Ita ta fara nuna masa bambancin sawun ƙadangare mai gudu da na mai kiwo. Ya zauna yana kallonta tana ɓare fatar wutsiyar, tausayinta ya cika shi, ya yi alkawarin sukari gobe.

*

Da la'asar ya koma ɗakin harshe shi kaɗai. Da tsakar rana ƙasa ba ta faɗin komai, sai rana ta karkata kowane ɗan tudu ya yi inuwa. Ya tsuguna a bakin shinge ya sa ido.

Da safe ya ga shara ya ce ɓarawo, don abin da ya zo nema ke nan. Yanzu ya bi ta a hankali. Daga ƙofar shinge zuwa ƙofar ɗaki miƙaƙƙiyar hanya ce, amma sharar ba ta bi ta miƙe ba. Ta karkata dama zuwa ginshiƙin ƙarfe, ta zagaye shi. Daga nan ta nufi bencin da ke kusurwa, inda aka share gabansa sosai, aka sake sharewa. Sannan ta bi jikin bango har ƙofa.

Me ɓarawo zai je yi wajen benci?

Ya san mai wannan tafiya. Tsohon ne. Kullum in ya shigo sai ya dafa ginshiƙin nan ya huta, ya je benci ya zauna ya sha shayi yana zagin gwamnati, sannan ya bi bango yana dafawa har ciki. Wanda ya yi sharar nan sawun mamaci ya bi yana sharewa, nasa kuma ya tafi a ciki.

Hubert ya fita ya karyo reshe. A wajen shinge ya sami ƙasa mai laushi ya share, ya dawo ya gwada da na ciki. Kowane ja ya fara da nauyi daga dama ya ƙare siriri a hagu, nasa da na cikin kamar hannu ɗaya ya yi su. Ya mai da reshen hannun dama ya sake. Sai jan ya juya.

Ya koma ciki. Bayan 'yan taku kaɗan akwai ɗan rami kamar na tsinin sanda, sai shara ta ci gaba, sai wani ramin. Mai sharar yana kafa gindin reshen ya jingina ya ja numfashi.

Ya je ya zauna a kan bencin. Ya bi sawun ɓatattu ya same su a raye, ya bi wasu ya sami gawa, bai taɓa fatan da sawu ya ɓace masa ba sai yau. Ya yi tunanin ya ja bakinsa ya yi shiru. Amma gobe za a ƙona gidan Cyril da jikoki a ciki. Kuma wani ɗan guntun fata bai mutu ba a zuciyarsa: ita ta iya kwamfuta, wataƙila ta kwafa ta ɓoye.

*

Washegari da hantsi aka taru a inuwar da ke gaban ɗakin harshe. Cyril na zaune a ƙasa kusa da motar Saja, samari na tsaye a bayansa da sanduna. 'Yan majalisa sun sami kujeru, kamar yadda suka saba samu a kowane irin bala'i. Hubert ya roƙi a zo da zawarawa. An yi gunaguni, amma aka kawo su, suka zauna can gefe sun ba jama'a baya. Valda ta je ta zauna kusa da uwarta.

"Masu ma'adinai ba su shigo garin nan ba," in ji Hubert. "Dougal yana ƙetaren teku, makullinsa na cikin tebur."

"To saura wa?" wani saurayi ya ce, yana buga sanda a ƙasa.

"Rufe mana baki, ɗana, da manya ake magana. Cyril, tashi ka yi mana shara."

"Yau kuma matarka na zama?"

"Ko kyauta ba na so. Ungo."

Cyril ya karɓi reshe ya share gabansa. Hubert ya kira dattawa uku, ya nuna musu nasa jan, ya kai su cikin shinge suka duba na can. Duk mafarauta ne, ba su buƙaci dogon bayani ba. Suka fito suka ce ba hannun Cyril ba ne, bahago ne ya yi. Babbansu ya ƙara da cewa, murya ƙasa-ƙasa, sharar makoki ce, ta bi hanyar Kumanjayi.

Sannan saurayin nan ya nuna Hubert.

"Kai ne bahago. Kai ne kuma mai sharar makoki."

"Ni ne," in ji Hubert. "Amma ban iya kunna na'urar ba, ba ni da makulli, kuma numfashina bai fara yankewa ba tukuna."

Bai dubi gefen mata ba. Bai iya ba. Sai ya ji Valda ta ce, "Inna?"

Enid ta juyo ta fuskanci jama'a, abin da mai takaba ba ta yi. Ta sa hannu cikin rigarta ta jawo igiya, ga makulli a jiki. Sannan hannun hagunta ya fara magana. Maza da yawa ba su iya zancen hannu sosai ba, don haka dole Valda ta riƙa faɗa da baki.

"Ta ce me ya kawo wannan taro a kan ƙaramin abu. Ta ce ita ce. Muna sabon zuwa daji, wani yaro ya taɓa waya, sai ta ji muryarsa yana cewa sannunku da zuwa." Valda ta bi hannun uwarta da ido. "Ta ce kun share kanti, kun share coci, kun bar shi yana yawo a aljihun yara. Ni lokacin ina Alice Springs wajen karɓo gawar Baba. Sai ta taho da rana kowa na barci, ta share farfajiya, ta shiga ta share na ciki."

"Yaya," in ji Hubert, "kin kwafa kafin ki goge?"

Enid ta dube shi kamar ya yi tambayar wawaye. Yatsunta suka yi sauri.

"Ta ce ta kwafa ta ajiye a ina, muryarsa a cikin bargonta? Ta ce ai kamfani na da kwafi, da idonta ta ga Dougal ya yi. Ta ce in an buɗe mata baki, in an fara kiran sunansa, sai a kira su su..."

Valda ta kasa ƙarasawa. Ta kama hannun uwarta ta riƙe, ta gaya mata da baki, a gaban kowa, zancen wata ɗaya.

Enid ta girgiza kai. Ta dubi Saja, Saja ta sunkuyar da kai. Ta dubi ƙaninta, don shi bai taɓa iya yi mata ƙarya da fuska ba. Hannunta ya ɗaga zai ce wani abu, ya tsaya a iska, ya sauka a cinya.

Samari suka ajiye sanduna ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ba Cyril haƙuri, shi ma bai nema ba, hawaye yake sharewa da hularsa. Shugaban majalisa ya fara cewa da ma shi tun farko yana da ra'ayin a sayi na'urar nan, wata tsohuwa ta ce ya yi wa mutane shiru. Saja ta ce ita ba ta ga laifin da za ta kai gaban alƙali ba, ta koma ta jingina da mota.

Sai aka ji wani sauti kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. Enid ce ke gyara maƙogwaron da ya yi wata biyu a rufe.

Zawarawa suka yi kanta, ɗaya ta kai hannu za ta toshe mata baki, ta ture. Ta fara waƙar hanyar ruwa. Shekarun da ta yi a gefen mijinta tana buga kalmomi sun zauna mata a kunne. Dangin miji suka dubi juna, don ba su buɗe mata baki ba, amma ba wanda ya tashi. Valda ta zaro waya ta danna. Saja ta matso da tata. Cyril ya miƙa wa jikarsa tasa ya ce ta yi duk abin da ake yi.

Hubert ya bi ta a rijiyoyin farko, har inda iliminsa ya ƙare, ya yi shiru. Ta ci gaba ita kaɗai, tana tsayawa tana jan numfashi. Ta wuce rijiyar da ke ƙarƙashin jan dutse, ta wuce wadda ake tona yashi kafin a sami ruwa, ta kira wuraren da rabin masu sauraro ba su taɓa takawa ba. Rana ta hau, inuwa ta janye, ba wanda ya gusa. Ta kai rijiyar Yurlpa, ta kira sunanta, ta maimaita, sannan ta tsaya.

Daga Yurlpa zuwa tafkin gishiri akwai sauran tafiya mai nisa, kuma nan ne ƙasar ta fi bushewa. Wannan ɓangaren tsohon ya naɗa ne a damina ta ƙarshe, lokacin tana kwance a asibiti. Ta ce in ta warware za ta zauna ta saurara.

Wayoyi uku na nan a ɗage suna jira. Hubert ya matso ya tsuguna a gabanta.

"Yaya, daga nan fa?"

Ta buɗe tafin hannunta na hagu sama, ta kife shi a ƙasa.